Mamman Shata da Gambarar Zamani: Wa Ke Ciyar da Mawaƙi, Wa Ke Mallakar Waƙarsa?



Gabatarwa

Maganar da za mu yi yau ta shafi rayuwar mawaƙi da sana'arsa. Abin da ya kawo ta kuwa shi ne irin kiɗan da samarinmu suka runguma, watau gambarar zamani, wadda a Amurka ake kira rap. Duk wanda ya shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ya zauna a dandalin samari a Utai da dare, zai ji ta tana tashi daga wayoyin hannu, wata da Turanci, wata da Hausa. Dattawa na cewa baƙuwar aba ce, yara kuwa na cewa tasu ce. Ni a ganina kafin mu yanke wa baƙo hukunci ya kamata mu dubi ɗan gida, domin muna da mutumin da ya yi fiye da shekara 50 yana zuba magana a kan kiɗa, yana wasa kansa, yana yi wa abokan hamayya zambo, tun ba a haifi masu rap ba. Wannan mutum shi ne Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina.

Zan bi rayuwarsa da tambayoyi biyu. Ta farko, wa ke ciyar da mawaƙi? Ta biyu, idan an gama biki an watse, wa ke mallakar waƙar? Daga nan zan kai ku kudancin Amurka mu ga yadda wani mawaƙin can ya amsa tambaya ta biyu, sa'an nan mu dawo gida mu dubi abin da ya rataya a wuyanmu.

Tashinsa

An haifi Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, wannan kuwa babban al'amari ne a wancan zamani, domin a ƙasar Hausa sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci ya tashi a mahauta, ɗan makaɗi ya ɗauki gangar ubansa. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba, shigege ake ce masa. Bugu da ƙari, ana lissafa kiɗa da waƙa cikin roƙo, maroƙi kuwa, kome dukiyarsa, ba a ba shi wurin zama a sahun gaba. Saboda haka mahaifin Shata bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, sa'an nan ya shiga talla. Ya sayar da goro, ya sayar da alewa, yana yi yana waƙa domin jawo masu saye. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya laƙaba masa sunan Shata. A dandali ya fara, wurin da samari da 'yan mata ke taruwa da dare bayan an tashi daga gona, ba don kuɗi ba, sai don nishaɗi da gasa tsakanin sa'o'i. Daga bisani ya bar tallar baki ɗaya ya kama waƙa.

Daga Musawa ya koma Bakori bisa gayyatar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a can wajen sayen auduga da gyaɗa. Daga Bakori ya koma Funtua, garin da ya zama gidansa. A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi wasa a wani babban bikin 'ya'yan sarki a birnin Kano, daga nan sunansa ya game ƙasa.

Kalangu da Kuɗin Gyaɗa

Don mu gane matsayin Shata, sai mun tuna yadda makaɗan Hausa suka kasu. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa a Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Sarkin Taushin Katsina. Irin wannan makaɗi yana da ubangida guda, shi ke ba shi gida da doki da riga da hatsi, shi kuma ba ya yi wa wani waƙa sai da izni. Akwai makaɗan sana'a da na maza, kamar Ɗan Anace mai yi wa 'yan dambe, da Kassu Zurmi mai yi wa 'yan tauri da mafarauta. Sa'an nan akwai makaɗan jama'a, waɗanda ke yi wa kowa.

Kayan kiɗan ma suna da daraja hawa hawa. Tambari da kotso da taushi na sarauta ne. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Shata da kalangu ya tashi, da shi ya shiga fadar sarakuna, bai taɓa sake shi ba har ya koma ga Allah. Ya yi wa sarakuna waƙa da yawa, kuma ƙaunar da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba ɓoyayya ba ce. Amma fa bai zama makaɗin fadar kowa ba. Yau yana gaban sarki, gobe yana tashar mota.

To, yaya aka yi shigege mai kalangu ya rayu ba tare da ubangida guda ba? Amsar tana cikin tattalin arzikin zamaninsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin 1930 kuma an shimfiɗa reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga suka zama kuɗi. Sai ga wani sabon rukunin mutane ya ɓullo, waɗanda ba su gaji sarauta ba amma akwai abin hannu: dillalan gyaɗa, da 'yan kwangila, da masu motocin sufuri, da direbobi, da akawuna, da ma'aikatan En'e. Waɗannan mutane suna son a san da su, makaɗan fada kuwa ba nasu ba ne. Shata ya zama nasu. Direban da ya wuni a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya haye gadar nan ta Wudil da lodin gyaɗa, yana iya jin an ambaci ɗan'uwansa direba a waƙa kamar yadda ake ambaton hakimi.

Nan ne asirin 'yancin bakinsa yake. Mai ubangida ɗaya, in ubangidan ya juya masa baya ya shiga uku. Mai iyayen gida ɗari kuwa, in ɗaya ya yi fushi, saura casa'in da tara. Shi ya sa Shata ya iya yi wa mai mulki habaici, ya iya yin waƙar shan giya wadda ta ɓata wa malamai rai, ya kuma yi ta yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk da baki ɗaya. Ba sai mun yarda da duk abin da ya faɗa ba kafin mu gane cewa ba wanda ke riƙe da linzaminsa.

Yadda Yake Gina Waƙa

Tsarin waƙar Shata mai sauƙi ne a ido. Kalangai su kama kiɗa guda su riƙe shi. 'Yan amshi su ɗauki ɗan gajeren amshi su yi ta maimaitawa ba sauyi. A waƙar fada 'yan amshi sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa masa, wannan kuwa yana bukatar a zauna a shirya a haddace. Shata bai ɗora wa yaransa wannan nauyi ba, saboda haka fili ya zama nasa shi kaɗai. Yana iya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi, yana iya hango mutum ya shigo taro ya jefa sunansa nan take, yana iya rera waƙa ɗaya sau goma kowace ta fito da sabuwar magana. Bai rubuta ba, bai kuma zauna bita ba.

Abubuwan da yake zubawa cikin wannan fili su ne yabo, da zambo, da habaici, da labarin garuruwan da ya taka, da wasa kai. Bakandamiyarsa daga farko har ƙarshe kirarin kansa ce, yana jera nasarorinsa yana ƙalubalantar duk mai ja da shi. Gagarabadau kuwa zambo ce wadda har yau ake misali da ita. Kuma bai tsaya ga mutane ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa.

Ɗalibai masu sauraron gambarar zamani za su ga cewa abin da na lissafa ba baƙo ba ne gare su. Kiɗa tsayayye da magana mai gudu a kansa, da alfahari da kai, da ambaton unguwa da abokai, da mayar wa abokin gaba martani, da ƙirƙira nan take a gaban jama'a, waɗannan su ne ginshiƙan rap. Ba ina cewa daga Musawa rap ta samo asali ba. A unguwar Bronx ta birnin New York ta tsiro wajen 1973, tana da nata tarihi. Abin da nake cewa shi ne yaron Utai da ya ɗauki wannan salo da harshen Hausa yana da kaka a gida, ko ya sani ko bai sani ba.

Ɗaukaka da Ƙarshen Rayuwa

Zuwan rediyo ya ƙara wa Shata fiffike. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka, sa'an nan kaset ya biyo baya. Muryarsa ta kai Maraɗi da Damagaram da Kumasi da duk inda Bahaushe ya kafa zango. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Amurka. Ya taɓa siyasa, ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, ya shiga jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu, ya kuma shugabanci SDP a Funtua a ta Uku.

Masana ma sun waiwaye shi. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, ga shi sanye da alkyabbar jami'a. Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Tambaya ta farko ke nan ta sami amsa: jama'a ce ta ciyar da Shata, ta kuma ciyar da shi da kyau. Ta biyu ce mai wuya. Shi da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Ribarsa tana ga kyautar da aka yi masa a fili, kuɗi ko riga ko doki ko mota, domin haka al'adar take. Abin da aka ɗauka a na'ura ya warwatsu tsakanin gidajen rediyo da kamfanonin faifai da akwatunan masoya, masu kwafar kaset a kasuwa kuwa sun yi shekaru suna cin abinci da muryarsa ba tare da neman izni ba. Abin da ba a ɗauka ba ya tafi tare da daren da aka yi shi.

Darasi Daga Kudancin Amurka

A nan ne labarin kudancin Amurka zai amfane mu. Da rap ta bunƙasa, biranen New York da Los Angeles ne suka riƙe kamfanoni da gidajen rediyo da mujallu. Mawaƙan jihohin kudu, watau na Atlanta da Houston da New Orleans da Memphis, kallon ƙauyawa ake yi musu, ana yi wa karin harshensu dariya. A 1995, da aka ba 'yan Atlanta biyu da ake kira OutKast lambar yabo a wani taro a New York, ihu 'yan kallo suka yi musu. Shekara tara bayan haka, a 2004, waɗannan mutane biyu suka ɗauki lambar Grammy ta kundin waƙoƙin da ya fi kowane a shekarar. Mawaƙin Arewa da ya taɓa kai kayansa Legas zai fahimci wannan labari ba sai an yi masa fassara ba.

Da yake an rufe musu ƙofa, sai mutanen kudu suka yi abin da Shata ya yi, suka koma ga jama'arsu. Misali mafi bayyana shi ne Percy Miller, wanda aka fi sani da Master P. Ya tashi a gidajen talakawa na Calliope a New Orleans, unguwar da ta yi ƙaurin suna wajen kashe-kashe, ɗan'uwansa ma kashe shi aka yi. Da kakansa ya rasu ya sami dala 10,000 daga kuɗin diyya, ya buɗe ɗan kantin faifai mai suna No Limit a garin Richmond na jihar Kalifoniya. Ya riƙa loda kasusuwansa a bayan mota yana bin gari gari yana sayarwa hannu da hannu, kamar dai mai tallar goro. Da kasuwarsa ta yi ƙarfi, manyan kamfanoni suka neme shi. A 1996 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Priority bisa sharaɗin su rarraba kaya su ɗauki ladansu, amma asalin faifan da aka naɗa ya zauna mallakarsa. Wannan sharaɗi guda shi ya mai da shi attajiri, domin duk kwafin da aka buga, mafi yawan kuɗin gidansa yake komawa.

Kada mu ɗauka labarin ba shi da tabo. Kamfanin No Limit ya karye a 2003. Haka kuma a garin na New Orleans, Lil Wayne, wanda kamfanin Cash Money ya rena tun yana yaro, ya kai kamfanin ƙara a 2015 yana neman dala miliyan 51, sai a 2018 aka sasanta. Ashe ɗan gida ma yana iya danne haƙƙin ɗan gida. Duk da haka akwai abin lura. A can rigimar a kan takarda aka yi ta, domin an san wace waƙa ce, wa ya yi ta, yaushe aka naɗe ta, nawa ta kawo. Mu kuwa ko jerin sunayen waƙoƙin babban mawaƙinmu ba mu kammala ba.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Masu gambarar zamani na Hausa sun gaji tambayoyin nan biyu. Sun ɗanɗani ta farko a Kano a 2009, lokacin da wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums. A yau kuma, mawaƙin da abincinsa ya dogara ga ɗan siyasa ɗaya ya koma makaɗin fada ke nan, ko da kuwa da kwamfuta yake haɗa kiɗansa. Ranar da aka faɗi zaɓe, ranar bakinsa zai mutu. Darasin Shata gare shi shi ne ya yawaita iyayen gida, watau ya nemi masu sauraro.

Game da ta biyu, doka tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai waƙa kariya tsawon ransa da shekara 70 bayan mutuwarsa, ke nan waƙoƙin Shata suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Amma dokar tana kare abin da aka adana ne a takarda ko a na'ura. Saboda haka, ku ɗalibai masu sha'awar wannan sana'a, kada ku shiga ɗakin naɗar waƙa sai kun rubuta yarjejeniya da mai kiɗa da mai ɗakin, an bayyana rabon kowa da wanda zai riƙe asalin naɗin. Kada kunya ta hana ku, domin rashin rubutu ya raba abokai da yawa. Wanda ya sa waƙarsa a YouTube ko Audiomack, ya tabbata da sunansa aka buɗe shafin.

Ku kuma ma'aikata, musamman na ma'aikatun al'adu da yaɗa labarai da gidajen rediyo, akwai amana a hannunku. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, shekara kaɗan yake yi ya manne ko ya tsinke. Abin da ke cikin ɗakunan ajiya yana bukatar a juye shi cikin kwamfuta, a rubuta sunan waƙa da wanda aka yi wa da wurin da aka ɗauka. Aikin ba ya cin kuɗi kamar gina titi, abin da yake bukata shi ne mutum mai haƙuri da shugaban da zai sa hannu.

Jami'a ma tana da nata rabo, kuma ba sai an je nesa ba. A Utai da Darki da Lajawa akwai tsofaffin direbobi da mahauta da 'yan kasuwar shanu waɗanda suka ga Shata da idonsu, wasunsu na da kasusuwa a ƙasan adaka, sun kuma san labarin da ke bayan habaicin da mu muke ji ba mu gane ba. Ɗalibin da ya ɗauki na'ura ya zauna da ɗaya daga cikinsu na yini biyu zai dawo da abin da babu shi a kowane littafi. Waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi, in an yi jinkiri kuwa sai a iske an sha kasuwa.

Allah ya ji ƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa.